Kyautar Sallah ba tare da bashi ba: amsa ga mai sana'ar cincin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki, kin ce cincin da dubulan kike yi a gida, Sallah saura mako guda, kuɗin hannunki duk na jari ne, ga surukai, ga dangi, ga yaran maƙwabta, har kina tunanin ki ci bashi ki fita kunya. Don Allah kada ki ci bashin nan. Hidimar ƙaramar Sallah kwana uku ce, amma bashinta sai ya bi mutum har layya ta zo ta tarar da shi bai gama biya ba.

Ni tela ce, ɗinkin mata nake yi a Kano, kuma na daɗe rabona da sayen yawancin abin da nake rabawa da Sallah da tsabar kuɗi. Musaya muke yi da 'yan'uwana masu sana'a, ba ni gishiri in ba ka manda. Mai turaren wuta da humra tana da 'yan mata, dole a yi musu ɗinki, ni kuma ina son turaren da zan kai wa surukata. Mai kitso da lalle haka, mai yaji da daddawa haka. Ke ma a wannan makon kin fi ni kasuwa, domin duk gidan da za a yi baƙi yana neman abin da za a zuba musu a faranti.

Ga inda sauƙin yake. A ce robar cincin da kike sayarwa naira 5,000 ta ci miki 3,500 a fulawa da mai da sukari da gas. Idan kika ba mai turare robar nan kika karɓi turaren 5,000, abin da ya fita daga aljihunki 3,500 ne, sauran guminki ne ya biya. Ita ma a nata ɓangaren lissafin ke nan. Kowacce ta sami ragi, babu wadda aka ƙwara.

Kada kuma ki ji nauyi, kamar talauci ne ya kai ki. Ayarin raƙuman Buzaye da ke zuwa Bilma da Fachi a Nijar gero suke ɗauka su dawo da gishiri da dabino, tun zamanin kakanni. Matan Fulani a ƙauyukanmu sun saba ba da nono su karɓi hatsi. Kuma duk mun ga farkon 2023, lokacin da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace, mutum da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen tattasai. A lokacin da yawa daga cikinmu da musaya muka riƙe gida, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Sai dai abin yana da ƙa'ida, kuma a nan na fi so ki tsaya. Ku sa wa kowane kaya farashinsa da naira kafin komai ya bar hannun mai shi, farashin da kike sayar wa kowa, ba na kunya ba. "Haba, ai mun zama ɗaya, kawo kawai" ita ce maganar da na ga ta raba aminai. Wata za ta ga ɗinkinta ya fi turaren da aka ba ta, ba za ta faɗa ba, sai dai ki ga gaisuwa ta ragu. Idan kayan ɗaya ya fi tsada, a yi ciko da kuɗi a wuce wurin. Ku tsayar da ranar da kowa zai kawo nasa, ku rubuta a WhatsApp. Da wadda kika san alkawarinta za ki yi, domin wadda ba ta biyan bashin kuɗi ba za ta biya na kaya ba.

Ki kuma sa wa kanki iyaka. Mai fulawa a Kasuwar Singa ba zai karɓi dubulan ba, mai gas ma haka. Ki fara cika odar masu biyan kuɗi, ki ware jarinki gefe, abin da ya hau kai shi ne na musaya. In ba haka ba, za ki wayi gari bayan Sallah ɗakinki na ƙamshin humra, babu kuɗin buhun fulawa.

Akwai kuma ɓangaren addini, tunda ke abinci kike sayarwa. Hadisin Ubada ɗan Samit ya ambaci abubuwa shida: zinare, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Idan za a musanya jinsi ɗaya, sai awo ya zo daidai kuma hannu da hannu. Bilal ya taɓa ba da sa'i biyu na dabino mai rauni ya karɓi sa'i ɗaya mai kyau, Annabi (SAW) ya ce wannan riba ce, ya sayar da nasa tukuna sannan ya sayi wanda yake so. A mazhabarmu ta Malikiyya, abinci da abinci ko jinsinsu ya bambanta ba a jinkirta ɗaya. Wato in cincin za ki bayar ki karɓi yaji, ku miƙa wa juna a zama ɗaya. Cincin da turare, ko cincin a matsayin ladan kitso, wannan bai shiga ciki ba, a dai san aikin a san ladan.

Batun kyautar kanta kuwa, rarrabawa da iya shiryawa ne rabin aikin. Babbar kwalbar turare ɗaya, in kika sayo ƙananan kwalabe a Kasuwar Rimi, za ta ishi gidaje da yawa. Iyaye mata sun fi murna da abin da za su yi amfani da shi, kamar yajin daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu. Dattijo a kai masa goro mai kyau ko dabino, da asuwaki ko carbi, ki je da ƙafarki ki durƙusa ki gaishe shi, zuwan ya fi masa kayan. Ni ragowar yadin da masu shi suka bar mini nake mayarwa ɗankwalin yara da 'yar jakar Alƙur'ani. Ki tambayi telarki, mai yiwuwa tana da buhu guda a ƙarƙashin keke. Matasa kuwa katin waya ya wadatar.

Yaran da ke yawon barka da Sallah, ki ƙulla musu cincin da tuwon madara a 'yar leda. Kada ki je sayen sababbin kuɗi a bakin titi, ki ba da dubu goma a ba ki takwas. Naira da naira da ƙari riba ce, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana sayar da takardun naira.

Idan zuciyarki na raya miki cewa abin ya yi kaɗan, ki tuna Annabi (SAW) ya hori mata musulmi cewa kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne. Surukar da za ta ci dubulan ɗin da kika tsaya a gaban wuta kika soya ta san abin da kika kawo mata.

Yau ɗin nan ki ɗauki waya ki kira mutum uku: mai turare, mai yaji, mai lalle. Mu teloli mun riga mun rufe karɓar ɗinki, su ma daga jibi oda za ta rufe su, ranar jajibere kuwa babu mai sauraron maganar musaya. Allah ya sa albarka a sana'arki, ya kai mu Sallah lafiya.