GB WhatsApp Da Signal Duk Kyauta Ne, To Me Ya Bambanta Su Wajen Sirri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi, kuma yawancin cinikina ta waya nake yi. GB WhatsApp nake amfani da ita, saboda tana nuna mini saƙon da aka goge, tana kuma ɓoye cewa ina kan layi. Ƙanena ya dame ni in cire ta in koma Signal, wai ita buɗaɗɗiyar manhaja ce. Ni dai na ga duk kyauta ake samun su. Me ya bambanta su, kuma me zan yi kada a karanta mini hira ko a sace mini lamba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanenki ya yi gaskiya a kan GB, amma Signal kaɗai ba za ta magance dukkan damuwarki ba.

Kowace manhaja rubutu ce, jerin umarni da masu ƙira suka tsara wa waya. Idan aka ce manhaja buɗaɗɗiya ce, ana nufin an baje wannan rubutun a fili, duk mai ilimin abin zai iya karantawa ya ga me take yi da bayanan mutane, har ya harhaɗa ta da kansa. Signal haka take: rubutunta yana nan a shafin GitHub, kuma tun 2016 aka tsara ta Android yadda masani zai harhaɗa tasa ya gwada da wadda ke Play Store, ya tabbatar ba a cusa wani abu a ɓoye ba. Ke ba sai kin iya karanta shi ba. Amfaninki shi ne idanun masu bincike da yawa suna kai, ƙarya kuma tana wuyar ɓuya.

GB WhatsApp ba ta kusa da wannan. Wasu ne da ba a san su ba suka ɗauki WhatsApp ta asali, suka farke ta, suka yi mata ƙari, suka sake ɗinkewa. Ba su nuna wa kowa abin da suka ƙara ba. Ba ta Play Store, shi ya sa ake tura ta ta Xender ko a sauke ta daga shafukan da talla ta cika, kuma duk hannun da ta bi zai iya ƙara nasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ke ɗawainiyar sabunta miki manhaja kyauta, ba suna ba adireshi, da abin da yake samu. A 2021 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta Kaspersky sun gano a cikin FMWhatsApp, 'yar'uwar GB, wata muguwar manhaja mai suna Triada, wadda ke iya karanta saƙonnin SMS ta kuma yi wa mutum rajistar abin da za a riƙa cire masa kuɗi. Ki tuna ta SMS banki ke turo miki lambar tabbatar da ciniki.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Za ki ji ana cewa ai saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya. Haka ne, amma kullen yana aiki ne a hanya, tsakanin wayarki da ta abokin cinikinki. Da saƙon ya iso, manhajar da ke wayarki ce ke buɗe shi don ki karanta. Idan ita manhajar ce ɓarauniya, kullen bai tsinana komai ba. Ban da haka, kamfanin WhatsApp yana dakatar da lambobin da ya kama suna amfani da irin waɗannan, da farko na ɗan lokaci, daga baya dindindin. Ga mai sana'a, asarar lamba asarar kwastomomi ce.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne ita WhatsApp ta asali da fasahar Signal take kulle saƙo, tun watan Afrilun 2016. Don haka wajen ɓoye abin da kika rubuta, tushensu ɗaya. Bambancin yana wajen bayanan da ke kewaye da saƙon: da wa kike magana, yaushe, sau nawa, daga wace waya, da lambobin da kika ajiye. WhatsApp mallakar Meta ce, mai Facebook da Instagram, kuma tana tattara irin waɗannan da yawa. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya na cikin dalilan. Signal kuwa gidauniya ce ke riƙe da ita, ba ta talla. Lokacin da aka nemi bayanan wani mai amfani da ita bisa umarnin kotu a Amurka a 2016, abu biyu kacal ta iya bayarwa: ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da aka shiga.

Kada dai a ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ba ta kuskure. A 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, wata buɗaɗɗiyar manhajar kulle bayanai wadda dubban shafuka suka dogara da ita, bayan ta yi kusan shekara biyu ba wanda ya lura. Telegram ma ana yawan kafa hujja da ita, alhali manhajar da ake sawa a waya ko kwamfuta kaɗai ta buɗe, ban da ɓangaren da ke aiki a kwamfutocin kamfanin, kuma hirarta ta yau da kullum ba a kulle take daga ke sai abokin hira ba, sai kin zaɓi Secret Chat da kanki. Zaurukanta ba su da wannan kullen ko kaɗan.

Shawararmu ita ce ki riƙe biyu. Kwastomominki suna WhatsApp, ba za su bi ki Signal ba, don haka ki sauke WhatsApp Business daga Play Store don ciniki, ki bar Signal don maganar iyali da abin da ya shafi kuɗi. Kafin ki cire GB, ki kwashe hotunan kaya, rasitai da jerin masu bashi zuwa wani wuri, domin ba lallai tsohuwar hira ta biyo ki ba. Signal ma daga Play Store ko shafinta na signal.org za ki ɗauko, kada ki karɓa daga wayar kowa.

Sai gyaran da ya fi komai muhimmanci, don yawancin lambobin da ake sacewa ba fasa kulle ake yi ba, yaudara ce. Wani zai kira ki ya ce daga zauren 'yan kasuwa ko na tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro, ki karanto masa lambobi 6 da aka turo miki. Waɗannan lambobin su ne makullin asusunki na WhatsApp. Kina faɗa, ya shige, ya fara roƙon kuɗi da sunanki. Maganinsa: ki shiga Settings, ki taɓa Account, ki kunna Two-step verification, ki sa lambobin sirri 6 waɗanda ba shekarar haihuwarki ba ce ko ƙarshen lambar wayarki, ki haɗa da imel da kike iya buɗewa. A Signal sunan abin Registration Lock. In kuwa an riga an sace, ki sake rajista da layinki nan take. Da kin shigar da sabuwar lambar SMS za a fitar da shi. Idan ya riga ki sa lambar sirri, sai kin jira kwana 7, amma shi ma yana waje a tsawon lokacin.

Akwai wata kafa da ake mantawa, wato ajiyar hira a Google Drive. Wannan ajiyar ba ta cikin kullen WhatsApp sai kin kunna da kanki: Settings, Chats, Chat backup, sannan End-to-end encrypted backup. Za a ba ki zaɓin kalmar sirri ko makulli mai lambobi da haruffa 64. Ki rubuta a takarda ki adana a gida, domin in kika manta kuma waya ta ɓata, ko kamfanin ba zai iya dawo miki da hirar ba.

Ki riƙa leƙa Linked devices lokaci zuwa lokaci. Minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarki ya haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, ya ci gaba da karanta komai daga nesa. Duk na'urar da ba ki gane ba, ki taɓa ta ki yi Log out. Idan za ki kai waya gyara, ki cire layi da katin memori, kuma canjin gilashi ko wurin caji ba ya buƙatar ki bar wa mai gyara lambar buɗe wayar. Ki buɗe da kanki a gwada a gabanki. Layin ma ki sa masa PIN, don ɓarawon waya kan zare shi ya sa a ƙaramar waya ya gwada lambobin banki. Ki tabbatar katin da layin ya zo a jiki yana hannunki kafin ki fara, saboda kuskure sau 3 yana rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin katin zai buɗu.