Filin Tambaya da Amsa: Ina Shara Kullum, Amma Ɗakina Bai Daina Warin Laima Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, kuma ba na wasa da tsabta, domin safe da yamma nake share gida, in goge ƙasa da ruwa da sabulu. Duk da haka, da zarar an rufe ɗakin kwana na 'yan sa'o'i sai ya ɗauki warin laima, ga ƙaramin ɗana da ke tashi da atishawa kowace safiya. A makon jiya na ce bari in yi kwalema, sai na haɗa bilic da ruwan wankin masai domin ya ƙara ƙarfi, amma ban kai ga gamawa ba tari ya turnuƙe ni, idanuna suka riƙa zubar da hawaye, har sai da na fice waje. A ina nake kuskure? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe, domin shi ne zai iya kwantar da mutum a asibiti. Yawancin ruwan wankin masai yana ɗauke da asid, kuma idan asid ya haɗu da bilic sai su fitar da iskar kilorin, wadda ke ƙona maƙogwaro da huhu. Ita ce iskar da aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Farko, kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, don haka ba abin wasa kika shaƙa ba. Haka lamarin yake idan aka haɗa bilic da ruwan khal, haɗa shi da duk wani ruwan goge-goge mai sinadarin amoniya a ciki kuwa wata iskar ce daban mai guba yake fitarwa. Bilic ba ya son abokin tarayya sai ruwan sanyi kawai. Kin yi daidai da kika fita, amma idan har yanzu kina jin nauyin ƙirji ko numfashinki yana sarƙewa, ki je likita ya duba ki.

Ƙarfin bilic ba a yawansa yake ba. Ga irin wanda ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin 100, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar domin goge wuraren da hannu ke taɓawa shi ne kashi 1 na bilic a cikin kashi 49 na ruwa, wato kimanin ƙaramin cokali 4 a cikin lita 1. Sai an fara wanke wurin da sabulu, saboda maiƙo da dauɗa suna kashe ƙarfinsa, sannan a shafa a bar shi aƙalla minti 1 kafin a goge. Abin da kika haɗa yau kada ki ajiye shi sai gobe, domin bayan kwana guda ƙarfinsa ya ragu. Ki buɗe tagogi, ki sa safar hannu ta roba.

Yanzu mu koma kan warin. Sharar yau da kullum tana bin inda ido ke gani da inda ƙafa ke takawa ne, ita kuwa kwalema aikinta shi ne ta shiga inda tsintsiya ba ta kai wa. Ina ba ki shawara ki janye gadon da akwatin tufafin daga jikin bango, ki haska bayansu da fitila. Sau da yawa a nan ake tarar da tushen matsalar: ƙura ta dunƙule kamar auduga a gindin bango, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa, ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko kore-kore na fumfuna sun bi kusurwa. Fumfuna ba ta tsirowa sai da danshi, kuma abin da ya jiƙe aka bar shi awa 24 zuwa 48 bai bushe ba, ya isa ta kama shi. Saboda haka, idan kika goge ta ba ki gano inda ruwan ke fitowa ba, ko rufi ne ke yoyo ko bututu ne ya tsage a cikin bango, za ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Ina kuma zargin gugar da kike yi sau biyu a rana tana ƙara wa ɗakin laima, musamman idan kina jiƙa ƙasa sharkaf sannan ki rufe ƙofa da taga. Ki riƙa matse tsumman sosai, ki bar iska ta ratsa ɗakin har ƙasa ta bushe. Fesa turaren ɗaki kuwa rufe warin kawai yake yi na ɗan lokaci.

Atishawar yaron tana iya zama daga fumfunar, tana kuma iya zama daga wasu ƙananan ƙwari da ke zaune a cikin katifa da matashi da kafet, waɗanda girmansu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, shi ya sa ido ba ya ganinsu. Ba sa cizo, abincinsu shi ne ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, amma kashinsu ne ke tayar da atishawa da asma ga masu saurin kamuwa. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Selshiyos yana kashe su, don haka ki riƙa wanke zanin gado da rigunan matashi da ruwan zafi duk mako, ki fitar da katifar ta sha rana da iska, ki juya kanta zuwa ƙafa bayan kowane wata 3. Idan an yi haka atishawar ba ta lafa ba, maganar ta koma hannun likita.

A ranar kwalemar kanta, abin da ke raba mai wahala da mai hutawa shi ne tsari. Ki fara fitar da duk abin da ba a amfani da shi, domin babu amfanin goge tarkacen da gobe za a zubar. Daga nan ki fara daga sama: yanar gizo a silin, fukafukan fanka, saman ƙofofi da saman kabad, sannan labule da tagogi, sannan kujeru, ƙasa ita ce ta ƙarshe, kuma ki faro ta daga ƙuryar ɗaki ki nufo bakin ƙofa. Wadda ta fara da ƙasa za ta share ta sau biyu. Ƙura kuma da tsumma mai ɗan danshi ake ɗauke ta, saboda kaɗe ta da busasshen ƙyalle tayar da ita ne kawai, ta yi yawo a iska ta sake sauka bayan kin juya baya. Kada ki manta da mariƙin ƙofa da makunnin wuta, waɗanda kowa ke taɓawa amma ba wanda ke tunawa da su. Idan kika tarar da kashin ɓera a bayan kaya, kada ki share shi a bushe, domin ƙurarsa na iya ɗauke da cuta. Ki jiƙa shi da haɗin bilic mai ƙarfi, kashi 1 a cikin kashi 9 na ruwa, ki bar shi minti 5, sannan ki kwashe da takarda ki zubar.

Tambaya: Anti, ina yawan ganin ana cewa a haɗa ruwan khal da bekin soda a wanke ɗakin girki da banɗaki. Shin yana aiki? Kuma sau nawa ya kamata a yi kwalema a shekara? Daga wata ɗiyarki.

Amsa: 'Yata, kumfar da kike gani tana burge ido, amma alama ce ta cewa ɗaya ya kashe ƙarfin ɗayan, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowannensu ya fi amfani shi kaɗai. Ruwan khal yana narkar da farin tabon da ruwa ke bari a kan famfo da tayil, sai dai kada ki kusantar da shi ga dutsen marmara, domin yana cin fuskarsa ya dusashe masa sheƙi. Bekin soda kuwa, idan kika dama shi da ruwa kaɗan ya yi kauri, kika shafa a kan maiƙon da ya daskare a murhu kika bar shi ya jima, soso zai ɗauke shi ba tare da kankara ba.

Game da yawan kwalema, a ganina sau 2 zuwa 4 a shekara ya wadatar, gwargwadon yawan mutanen gidan da ƙurar wurin. Ba na goyon bayan a ce sai an gama gida duka a yini ɗaya, domin ƙarshenta a gaji a tsakiya, a tura kaya lungu a ce an gama. Ki ware wa kowane ɗaki ranarsa. Ranar ɗakin girki, ki cire firji daga wuta, ki kwashe abin da ke ciki, ki wanke kantocinsa da robar bakin ƙofar inda baƙar dauɗa ke maƙalewa, sannan ki janyo shi ki goge ƙurar da ke bayansa, saboda ita ce ke hana shi fitar da zafi har ya riƙa cin wuta fiye da kima.