Tambaya da Amsa: Ya kwamfuta ke gane inda ruwan sama zai bi?

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne daga Katsina. Ana cewa kwamfutocin hasashen yanayi na lissafa ruwan da zai gangara bayan an yi ruwan sama, to ya suke yi tunda a gona ɗaya ma akwai jigawa akwai fako?

AMSA: Yawwa ɗalibi, ai ka taɓo inda masana ke shan wuya. Su manhajojin nan yanka duniya suke gida-gida kamar dara, gida ɗaya faɗinsa kan kai kilomita 100, kaga kenan fadama da tudu da dutse da gari mai kwalta duk suna ciki a haɗe.

A 1969 masanin yanayi Syukuro Manabe, haifaffen Japan mai aiki a Amurka wanda ya samu kyautar Nobel a 2021, ya ɗauki ƙasar kowane gida a matsayin bokiti mai cin ruwa santimita 15, sai ya cika sannan ruwa ya malala. Ya yi ƙoƙari a zamaninsa amma ƙasa ba haka take ba, fako ko a bushe yake ƙamas in ruwa ya zuba da ƙarfi baya shiga, gudu kawai yake, jigawa kuwa shanyewa take. Sannan hadari kan juye ruwansa a kusurwa ɗaya cikin rabin awa, in kwamfuta ta baza shi daidai a kan gidan gaba ɗaya sai ya koma yayyafi, a lissafi ƙasa ta shanye alhali can kori ya kawo har ya ci gada.

Shi yasa yanzu ake kasa kowane gida kashi-kashi, daji daban, gona daban, fili tsirara daban, a lissafa kowanne sannan a haɗa. Wata manhajar lissafin ruwa mai suna VIC ta 1994 ma ta yarda cewa a gida ɗaya wani wuri yana ƙoshi da ruwa kafin wani.

Abin da nake so ka riƙe ya faru kusa da mu. A lokacin farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu a Sahel, amma ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke zubawa cikin kogin Neja ƙaruwa ya yi, saboda itatuwa da ciyayi sun ragu, ƙasa ta yi ɓawo ta daina shan ruwa. Shi ne jan ruwan nan da ke cika kogi a Yamai tsakiyar damina. Manhajar da ba a gaya mata ƙasar ta sauya ba, raguwar ambaliya za ta hasaso maka a wajen.