Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Labarin Bincike Ke Kuɓuce Mini a Kunne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Daga Kubwa nake zuwa aiki Sakatariyar Tarayya, kuma a mota nake sauraron littattafai ta waya. Labaran zamani, na aure da zaman gida, suna shiga ba wahala. Amma na binciken kisa sai a kai ƙarshe ban gane yadda aka kama mai laifin ba. Na tarihi kuwa sunaye ke rikita ni. Laifin kunnena ne ko na masu karantawa?
Daga wata ma'aikaciya, Kubwa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kunnenki lafiya lau, motar haya ce ba ta karɓi kowane labari ba.

Mai karatu yakan furta kalmomi kusan 150 a minti ɗaya. Idan kwandasta ya ɗauke miki hankali na daƙiƙa 30 wajen canji, kalmomi 75 sun wuce. A labarin zamani asarar kaɗan ce, domin kin san yadda kishiya da suruka ke magana, zuciyarki za ta cike giɓin. Shi kuwa marubucin labarin bincike da gangan yake ɓoye hujjarsa cikin jimla guda, kamar agogon da ya tsaya ko ƙofar da aka kulle ta ciki, ya faɗe ta sau ɗaya a babi na uku, ba zai sake taɓa ta ba sai ƙarshe. A takarda ido yakan koma baya, amma sauti ba ya jiran kowa. Don haka ki bar irin wannan sai kin natsu a gida. Kada ki ƙara masa gudu, ki saita maɓallin komawa baya a daƙiƙa 30, kuma ki dakata a ƙarshen babi, ba tsakiyar tambayoyin ɗan sanda ba. Da dare ki sa manhajar da kike sauraro da ita ta kashe kanta bayan minti 20, in ba haka ba barci zai cinye miki babi uku.

Matsalar labarin tarihi ta sarauta ce. Mutum ɗaya a kira shi da sunan yanka a nan, Galadima a can, matarsa kuma ta yi masa alkunya, sai kunne ya ƙirga mutum uku. Ki rubuta manyan mutane biyar ko shida da sarautunsu a cikin sa'ar farko, ya wadatar.

Masu karantawa ma suna da nasu laifin. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa wanda bai duba shafin ba kafin ya ɗauki murya yake mayar da garin mutane garin tuwo. Ki saurari minti biyar kafin ki sauke littafi. Idan muryoyin mutum biyu masu gardama ba su bambanta ba, ki haƙura da shi.

A mota ki riƙe labaran zamaninki, ko da kin ƙara gudun karatun zuwa ninki 1.25 ne. Ki sauke su tun daga gida: sauti mai ingancin 64 kbps yana cin kusan MB 29 a sa'a, wato littafin sa'a goma kusan MB 290. Idan babi-babi aka turo miki ta WhatsApp, ki sauya lambobin zuwa 01, 02, 03, domin wasu manhajojin suna jera babi na 10 kafin na 2.