Zanen tashar jirgi: kafin ka tura kuɗi, nemi awo

*Malam, ɗana ya ƙwallafa rai a kan haɗa ƙananan gine-ginen tashar jirgin ƙasa da kwali. Kawunsa ya kawo masa ɗan jirgin wasa, an rubuta HO a jikin kwalin. Yanzu ya matsa sai na saya masa zanen gini a intanet, da dala. Ɗinki nake yi, ba ni da ƙarfi, kuma ba na son in kashe masa gwiwa. Maman yara, Idi-Araba.*

Hajiya, kwantar da hankalinki, ko kwabo ba sai kin kashe ba. Yaron da ya zauna yana yanka kwali a Legas ɗin nan, maimakon yawon bakin titi, abin godiya ne. HO ɗin da kika gani ma'auni ne: kowane abu an rage shi sau 87. Ƙofa mai tsayin mita 2.1 za ta dawo milimita 24 ke nan. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba dubban zane-zanen tsofaffin gine-gine a shafinsa kyauta, daga wani shiri da ake kira HABS wanda aka fara a 1933, da ɗan'uwansa HAER na 1969 mai kula da gadoji da masana'antu da layin dogo. Yaron ya rubuta "depot", wato tasha, a wurin bincike na shafin, zai ga tashoshi gaba da baya da gefe, wasu har da awon bangonsu. Ki saya masa rular ƙarfe da gam da reza mai kyau, ki kuma sa ido a kan yatsunsa.

*Na biya wani a WhatsApp ya turo min "cikakkun zane-zanen tashoshin duniya". Da na buɗe, hotuna ne kawai, babu lamba ko ɗaya. Ya daina ɗaukar wayata. Mai shago, Agege.*

Alhaji, kuɗin nan sai dai haƙuri. Amma tsaya in yi magana, don wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutumin da ba zai sayi buhun albasa a kasuwar Mile 12 ba sai an kwance bakin buhun ya tura hannu har ƙasa, shi ne zai tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba saboda an rubuta masa "cikakke". Yawancin abin da waɗannan mutane ke sayarwa, ko dai kwaso shi suka yi daga inda ake bayarwa kyauta, ko shafukan tsofaffin mujallun Turawa ne da aka ɗauka da waya a karkace, ko kuma, abin da ya fi ba ni haushi yanzu, hotunan da kwamfuta ke ƙirƙira: gini ya yi kyau a ido, amma ka ƙirga tagogin gaba su ƙi daidaita da na sama, matakala ta hau ta ƙare a jikin bango.

Zanen da za a yi aiki da shi dole ya nuna fuskar gini a miƙe, ya nuna shimfiɗarsa daga sama, sannan a ga lambobin awo ko ɗan layin ma'auni a ƙasa. In babu, hoto ne, a rataye shi a bango. Kafin ka biya, ka ce a turo shafi ɗaya. Mai gaskiya zai turo. Wanda ya fara da "saura mutum biyu a rufe", rufe shi kai ma. Kuma ku daina haɗamar tara zane. Gini ɗaya mai kyau yana cin makonni, me za ka yi da tashoshin duniya?

*Ni tashoshinmu nake so, irin Iddo ko tsohuwar tashar Kano, ba na Turawa ba. Ina zan samu zanensu? Ɗalibi, Yaba.*

Madalla, ɗana, ka yi tambaya. Fara da harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta. A ciki akwai Jaekel House, gidan 1898 da ƙungiyar Legacy ta gyara ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi, da tsofaffin hotuna da kayan aikin layin dogo. Ginin kansa, da barandarsa da katakonsa, ya isa a kwaikwaya. Takardun zamanin Turawa kuma suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ibadan da Kaduna, sai dai ka je da takarda daga makarantarku da haƙuri mai yawa, kada ka ɗauka za a miƙo maka zane a ranar.

Ni dai na fi yarda da tef ɗin awo. Nemi izinin shugaban tasha tukuna, kada ka tsaya kana ɗaukar hoto kai tsaye ma'aikatan tsaro su yi awon gaba da kai, kuma kada ka taka layi. Ɗauki hoton kowane bango kana tsaye daidai tsakiyarsa, daga nesa, don kada sama ta tsuke. Auna ƙofa ɗaya da taga ɗaya, sauran ka fitar da su daga hoton. In ginin bulon siminti ne ba a shafe ba, ƙirga bulo: tsawon kowane milimita 450 ne, ka ƙara kaurin siminti. Gini mai mita 20 zai zo santimita 23 a HO.

Sai abu ɗaya da ake mantawa. Tsohon layinmu, wanda ya kai Ibadan a 1901 ya kai Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. A HO daidai yake da kusan milimita 12, alhali layin wasan da ake sayarwa 16.5 ne, wanda ya dace da sabon layin Legas zuwa Ibadan mai 1,435. In ka gina dakalin fasinja da awon tsohon layi, tarago zai goge shi.

*HO da OO ba duk ɗaya ba ne? Layinsu ɗaya. Obalende.*

Layi ɗaya, gini daban. OO na Ingila 1:76 ne, wato an rage komai sau 76, ƙofar da ke milimita 24 a HO ta kusa 28 a can. Karanta kwalin jirginka kafin ka yanka.

*Na buga zane a shagon kwamfuta, ginin ya fito ƙarami. Shomolu.*

A Shomolu, garin maɗaba'a? Yaron shagon ya bar na'ura ta matse zanen ya cika takarda, kuma takardar Amurka ba girmanta ɗaya da A4 ba. Ce masa ya buga a kashi 100. Zanen da aka yi a 1:48, in yana kan girmansa na asali, a rage shi zuwa kashi 55 ya zama HO. A buga shafi ɗaya, ka ɗora rula a kan layin ma'auni: ƙafa 10 ta ba ka milimita 35. In ba ta bayar ba, kada ka biya kuɗin sauran.