Maigidana na fama da gyambon hanji, gidan duk ya rikice

Tambaya: Likita, maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. An duba hanjinsa da kyamara, aka ce yana da gyambon babban hanji, irin mai tashi ya lafa. In ya tashi, kwana yake yana zaryar banɗaki, gudawa da jini. Surukata ta ce ko girkina ne ko sammu. Ya koma mai faɗa, kasuwar ma ba kullum ba. Yaranmu za su iya ɗauka? Daga wata uwargida a Ɗorayi.

Amsa: Sannu da ɗawainiya, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya.

Hankalinki ya kwanta, ba a ɗaukarsa. Ku ci kwano ɗaya, ku yi amfani da buta ɗaya, babu komai. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar fatar cikin hanjinsa, har ta kumbura ta yi gyambo. Ciwon iri 2 ne: irin nasa, mai tsayawa a babban hanji da dubura, da cutar Kron, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1932, mai iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Akwai gado a ciki, don ɗan mai ciwon ya fi sauran yara yiwuwar samunsa, amma mafi yawansu ba sa samu. Sai dai in yaro ya daɗe yana gudawa, ko da jini, ko yana ramewa, a gaya wa likita ciwon mahaifinsa.

Batun girki kuwa, yaji da maiƙo kan ƙara masa wahala lokacin da ciwon ya tashi, amma ba su suka kawo shi ba. Ba na ganin laifin Hajiya babba sosai. A nan Kano jini a bayan gida basir ne ko atuni a wurin kowa, to in an sha magani an sha jiƙo bai tafi ba, sai zargi ya shigo, kuma matar gida ce kusa. Kada ki yi musu da ita. Ku tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta. Abin da za ta ƙi karɓa daga bakin suruka, za ta karɓa daga bakinmu.

Faɗan nan ma ki duba shi da kyau. Mutumin da ba ya barci, jininsa ya ragu, yana lissafin ko alwalarsa za ta kai ƙarshen sallah a jam'i, ga shago a hannun yara, dole ransa ya ƙuntata. Ƙari a kan haka, in yana shan firednisolon, maganin rage kumburin hanjin, shi kansa maganin yana sa saurin fushi da rashin barci. Ku gaya wa likitansa, amma kada ya daina sha farat ɗaya, a hankali ake rage shi. In kuma salfasalazin yake sha, wani maganin wannan ciwon, kuna neman haihuwa, ku faɗa, domin yana rage ƙwayoyin maniyyi, kuma suna dawowa in an canza magani.

Abin da ya fi cin iyali shi ne kuɗin magani, shi ya sa da yawa ke ajiye mesalazin, maganin da ake sha kullum don wannan ciwon, da zarar sun ji sauƙi. Nan ne kuskuren. Shansa lokacin lafiya shi ke hana tashin, kuma kwanciya asibiti ta fi shi tsada. A kuma raba shi da ibufurofen da diklofenak na kemis, suna iya tayar da ciwon.

Ke ma ki samu wata cikin 'yan'uwa da za ta riƙa karɓarki, don ciwon na shekaru ne. Yara manya a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. In ya kai shekara 8 da ciwon, a sake duba hanjin da kyamara saboda sankara. Zazzaɓi, kumburin ciki, ko jini mai yawa kuwa, ko da tsakar dare ne a kai shi asibiti.