Zan ajiye motar lantarki wata uku: in cika batirin ko in bar ta a jone?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da motar lantarki, Nissan Leaf ta hannu. Zan yi tafiyar wata uku daga watan Maris, kuma ba mai tuƙa ta a gida. Niyyata in cika ta fal in rufe gareji, amma wani aboki ya ce in bar ta a jone da wuta har in dawo. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun ban goyi baya ba. Ka bar cajin wajen kashi 50 zuwa 60 cikin 100, ka zare kebul, ka nema mata inuwa.

Batirin litiyam yana tsufa ko ana hawa motar ko ba a hawa, kuma abubuwa biyu ne ke gaggauta tsufan: zama a cike, da zafi. Idan suka haɗu, ƙarfin da batirin ya rasa ya tafi ke nan, caji ba ya maido shi. Kai kuwa tafiyarka ta faɗo daidai bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Ga shi tsohuwar Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir irin na Tesla ko Hyundai Kona, zafin wurin da ka ajiye ta shi ne zafin batirinta. Kamfanin Nissan da kansa ya rubuta a sharuɗɗan garanti cewa ba ruwansa da lalacewar da ta samo asali daga barin motar cikin zafin da ya wuce digiri 49 fiye da awa 24, ko barin batirin kusan babu komai fiye da kwana 14. To garejin kwano a rufe ruf cikin Afrilu ba wurin wasa ba ne. Rumfa mai shan iska ta fi shi.

Kada tsoron ƙarewar caji ya sa ka cika ta. Babban batiri, wato wanda ke tafiyar da motar, in motar ta yi barci da gaske, 'yan kashi kaɗan yake zubarwa a wata, rabi zai kai ka wata uku har da saura.

Maganar abokinka tana da tushe. Littafin Tesla yana cewa a bar motar a jone, domin takan ci wajen kashi 1 a rana, kuma tana da wurin da za ka ce mata ta tsaya a 50. Leaf da yawa ba su da wannan, da ka jona sai ta kai 100 ta zauna a can. Sannan wanda ya rubuta wancan littafin bai san wutar da ake ɗaukewa a maido da ƙarfi ba. Ni dai ba zan bar mota a jikin soket wata uku babu mai lura ba.

Abin da ya fi ba masu tafiya kunya shi ne ƙaramin batiri mai bolt 12, irin na kowace motar fetur. Shi ke riƙe da makullan ƙofa da kwamfutar motar, shi ne kuma yake jona babban batirin idan ka danna maɓallin tashi. In ya mutu, ko babban yana cike, motar ba za ta ko ƙyafta ba. Motar takan ɗan ɗura masa wuta lokaci-lokaci, amma na 'yan mintuna ne, kuma tsohon batiri a cikin zafi ba ya jure haka. Idan naka ya haura shekara uku, kai wa mai batir ya gwada shi kafin ka tafi. Daga nan zaɓi ɗaya: ko wani amintacce a gida ya riƙa kunna motar har alamar shirin tafiya ta fito, ya bar ta minti 30 duk bayan mako biyu, ko ka kwance kan batirin mai alamar ragi. Ƙaramin kawai nake nufi. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta babban batiri ce, tana ɗauke da kusan bolt 400, kada kai ko bakanike da bai san motar ba ku taɓa ta.

Ka cire duk abin da aka ƙara wa motar mai jan wuta, kamar kyamara ko na'urar bin sawu, ka soke lokacin kunna iyakwandishan da ka tsara, ka ajiye makulli nesa da ita. Masu Tesla su kashe Sentry Mode, wato tsarin gadi da kyamarorin motar, su kuma daina leƙa manhajar waya, don leƙawar na iya tashin motar daga barci.

Ka ƙara wa tayoyi iska kaɗan, ka share duk ɓurɓushin abinci saboda ɓeraye, suna cin wayoyi. In ka dawo ta ƙi tashi, turawa ba ta aiki a motar lantarki; a jona wa ƙaramin batirin wani batir, in ta tashi ka yi mata cajin gida a hankali kafin ka kai ta wurin caji mai sauri. Allah Ya kai ka lafiya.